Kwana Biyar A Taron Masu Karatu A Gilasgo

A watan Agusta na shekarar 2024 Allah Ya nufe ni da ziyartar birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, inda ɗan ƙanena yake karatu. Kwana biyu da saukata ya miƙo mini wata takarda ya ce, "Baffa, na biya maka kuɗin shiga wani taro, tun da na san kai mutumin littafi ne." Na duba, ashe taron duniya ne na masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi, wanda ake kira Worldcon, karo na 82, daga ranar 8 zuwa 12 ga watan. Gaskiya da farko raina bai so ba. Na ce masa ni da furfurata me zai kai ni cikin yara masu shigar dodanni? Amma tun da yaro ya riga ya kashe kuɗinsa, sai na ga ba girmana ba ne in watsa masa ƙasa a ido.

Wurin taron wasu manyan zauruka ne a bakin kogin da ya ratsa birnin. Ina shiga na ga lallai akwai masu shigar dodannin, har wani ya wuce ni da kunnuwa masu tsini da takobin roba. Sai dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan tsofaffi, wasu da sanda, wasu a keken guragu, kowa rungume da littattafai. Dubban mutane ne, amma ban ga babban tebur na manyan baƙi ba, ban ji an jira isowar wani mai girma kafin a fara ba, kuma babu wanda ya tashi ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi masu yawa don a tafa masa.

A teburin rajista na tarar da wata dattijuwa, ita ta ba ni katin da zan rataya a wuya. Na tambaye ta ko wace ma'aikata ce ta ɗauke su aiki. Ta yi dariya ta ce babu mai biyan su ko sisi, ita ma sai da ta biya kuɗinta kamar yadda aka biya mini. Ta ƙara da cewa abin da ke wuyana katin zama ɗan ƙungiya ne, domin a wurinsu babu ɗan kallo. Masu karatu ne ke shirya taron, su ne ke zaɓen garin da za a yi shi bayan shekara biyu, su ne kuma ke jefa ƙuri'ar kyautar Hugo, wadda marubutan wannan fanni suke ɗauka da girma ƙwarai.

Da ta ga ina son zancen, sai ta ba ni tarihin abin a taƙaice. A shekarar 1926 wani mutum mai suna Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka. Ya riƙa buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, sai masu karatun suka shiga rubuta wa juna, daga nan suka kafa ƙungiyoyi, suka fara buga 'yan mujallunsu da kuɗin aljihunsu. A 1939 suka yi taronsu na farko a birnin Niyok, mutum wajen 200. A 1953 aka fara ba da kyautar da ke ɗauke da sunan mutumin.

Tana wannan bayani jikina ya yi sanyi, domin na tuna wani kwali da ke ƙarƙashin gadona a gida. Waɗanda suka yi rubutu tare da mu a shekarun 1990 sun san yadda muke sa lambar akwatin gidan waya a bayan littafi. To ni ma na sa, kuma wasiƙu sun zo, daga 'yan makaranta, da matan aure, da teloli, har da na ƙetare daga Maraɗi da Damagaram. Nakan zaɓi masu yabo in buga a littafi na gaba don a san ana karanta ni, sauran in jefa a kwali. Ban taɓa tunanin in haɗa mai wannan wasiƙa da mai waccan ba. Irin da Gernsback ya shuka har ya zama wannan taro, mu ma an damƙa mana shi a hannu, ni dai nawa na bar wa gara.

A rana ta uku na shiga layin masu son Nnedi Okorafor ta sa musu hannu a littafi. Tana cikin manyan baƙin taron na wannan shekara, iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma ta ci kyautar Hugo a 2016 da littafinta Binti. Layin ya yi tsawo, sai hira ta haɗa ni da wani saurayi da ke bayana. Da ya ji da Hausa nake rubutu, ya tambaye ni ko muna da irin waɗannan labarai a harshenmu. Na buɗe baki zan ce babu, sai Allah Ya tuna mini da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, inda aka ɗauki yaro Kilba aka yi yawon sararin samaniya da shi. Na haɗa masa da Ganɗoki na Bello Kagara, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Yaron nan ya fiddo takarda yana rubutawa, yana tambayata yadda ake furta kowane suna. Sannan ya ce, "To bayan na 1969 ɗin, wa ya ɗora?" Na san akwai matasanmu da ke gwadawa, amma ban iya kawo masa sunan ko ɗaya da na karanta ba. Kunyar da na ji a wannan layi ta fi ta komai a tafiyar.

Daren da aka raba kyaututtukan Hugo ina zaune can baya. Emily Tesh ce ta ɗauki ta babban littafi, aka miƙa mata kofin nan mai siffar roka. Abin da na riƙe shi ne akwai rukunan da aka ware wa masu karatu kansu, wato masu sharhi da masu mujallun sa-kai, kuma tafin da aka yi musu bai gaza na marubutan ba.

Da na dawo gida na jawo kwalin. Gara ta cinye kusan rabi. Cikin waɗanda suka tsira akwai wasiƙar wani ɗalibin sakandare, yana roƙona in rubuta labarin Bahaushen da ya je duniyar wata, har ya zana mini jirgin da biro. Wasiƙar ta shekara kusan talatin. Na rubuta masa amsa ta adireshin makarantar, ko da yake na san ya daɗe da barinta, kuma har yau shiru.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, a taronmu na shekara a ware yini guda na masu karatu. Su hau kujerun gaba, mu koma baya mu saurara, su kuma zaɓi littafin da ya fi burge su da ƙuri'arsu, ko da kyautar ba ta wuce takardar shaida ba. Ku kuma ƙannenmu masu tasowa, duk wanda ya aiko muku saƙo a kan rubutunku, ta waya ko ta intanet, ku amsa masa, ku kuma nuna masa ɗan'uwansa mai karatu. Ni dai na fara labarin da yaron nan ya roƙa, ina babi na huɗu, kuma jirgin da ya zana shi na yi amfani da shi. In yana raye kuma wannan mujalla ta isa hannunsa, ina neman afuwarsa, ya rubuto ta ofishin edita. Allah Ya sa mu dace, amin.