Shanun Huɗa da Jinin Auta

A Kutemeshi ba a kiran ƙanwata da sunanta na yanka, Auta kowa yake cewa. Inna ta haife ta a 2019, bayan ta haura shekara 40. Tun ranar suna mata suka fara ƙus-ƙus: idanunta a ɗage, harshenta na yawan leƙowa, jikinta laɓo-laɓo kamar ba ƙashi. Wata tsohuwa ta ce 'yar ruwa ce. Inna ta goya abarta, ba ta tanka ba.

Sai daga baya muka san larurar galahanga ce, irin wadda likitoci ke kira da sunan Langdon Down, likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866. Ƙwayar halittar mutum tana ɗauke da kuromosom 46, ta Auta 47 ce, domin mai lamba 21 ya zo uku maimakon biyu. Ba aljani, ba sammu.

A kakar 2021 zazzaɓi ya kama ta. A lokacin gwamnatin Kaduna ta rufe layukan waya a yankinmu, ta kuma hana hawa babur saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba acaɓa, hanyar Funtua kuwa sai wanda ya sayar da rai. Muka yi abin da kowa ke yi: maganin zazzaɓin cizon sauro daga kemis, rubutu, tofi. Zazzaɓin ya lafa, ya dawo. Tafin hannunta ya yi fari fat. Wasu ɗige-ɗige jajaye suka feso mata a ƙafa, dasashinta na jini, ga haɓo da ba ya tsayawa da wuri. Ni nake wanke zanen goyonta, don haka ni na fara tsorata.

Mako shida muka ɓata kafin muka samu motar masara ta fitar da mu. Daga Funtua aka tura mu asibitin koyarwa na Shika, a Zariya. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ɓargo. Likitar ta zaunar da mu ta ce, “Baba, sankarar jini ce. A ɓargo ake ƙera jini, nata kuwa ya cika da ƙwayoyin da ba su nuna ba, sun hana masu amfani wuri. Shi ya sa jininta ke ƙarewa, kuma ba ya daskarewa.”

Ta ce yara irin Auta sun fi sauran yara haɗarin kamuwa da wannan cuta, ninki 10 zuwa 20. Kusan ɗaya cikin goma ma ana haifarsu da wani yamutsin jini mai kama da ita, wanda yakan washe da kansa cikin wata uku, amma a wasunsu sankarar gaske takan biyo baya kafin shekara biyar.

Baba ya sunkuyar da kai. “Ranki ya daɗe, mu koma gida ke nan?”

“A'a, Baba. Saurara.”

Abin da ta faɗa ya ba ni mamaki. Sankarar jinin yara manyan iri biyu ce. Irin da ya kama Auta, wanda ya fi zuwa wa masu galahanga 'yan ƙasa da shekara huɗu, yana jin magani ƙwarai a jikinsu, musamman wani mai suna sitarabin. Inda ake da cikakkiyar kulawa, takwas zuwa tara cikin goma suna warkewa, fiye da yaran da ba su da larurar. Ɗaya irin kuwa ya fi wahalar da su, domin magungunansa na jigata su, ƙwayoyin cuta kuma na saurin kayar da su. Wato halittar da ta jawo mata ciwon ita ce kuma ta ba ta sa'ar magani.

Amma likitar ba ta rufe mu ba. Ta ce wancan lissafin na ƙasashe masu hali ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a can fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna rayuwa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Jinkiri, tsadar magani, ƙarancin jini da yanke jinya a tsakiya su ne ke cinye yaran.

Da maganar kuɗi ta isa gida, Kawu ya aiko da saƙo: kada a sayar da shanun huɗa a kan yarinyar da ko ta tashi ba za ta amfani kowa ba. Ban manta amsar Baba ba: “Ku gaya wa Yaya, da 'yan daji ne suka ɗauke ta, da ya taya ni neman kuɗin fansa.” Aka sayar da shanun.

Wata shida muna zarya. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ni kaina na ba ta leda biyu ta jini. Yaron gadon kusa da mu, iyayensa suka tafi da shi cikin dare da kuɗi ya ƙare. Har yau Inna na sa shi a addu'a.

Yanzu Auta tana shekara shida. Muna kai ta awon jini, domin an gaya mana idan ciwon ya dawo yana da wuyar magani. Duk zazzaɓin da ta yi, sai na buɗe tafin hannunta na duba. Ba ta iya doguwar magana ba, amma ita ke fara jin sallamar Baba, ita ke ɗauko masa buta.

Baba bai sake mallakar shanu ba, haya yake yi duk damina. Ranar nan Kawu ya zo, Auta ta rarumo tabarma ta shimfiɗa masa, ta zauna a gefensa tana wasa da carbinsa. Ya daɗe yana kallonta, bai ce komai ba.