Layi Ɗaya

Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba mai zazzaɓi maganin maleriya sai an gwada jininsa. Masu zuba jari suka saurari wannan magana da kunnen kasuwa. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, ga kuma ɗan abin gwaji mai tsawon yatsa wanda ba ya buƙatar lantarki: ɗigon jini, jiran minti 15 zuwa 20, layi biyu akwai cuta, layi ɗaya babu. A lissafinsu, kowane zazzaɓi ciniki ne.

Na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi a wani shagon sarin magunguna a Kano, kuma littafin ba haka ya nuna mini ba. Maganin maleriya ba ya kwana a kanta, kwalayen gwaji kuwa sai su shafe watanni, ina duba ranar lalacewarsu ina ƙirga asara. Na taɓa tambayar wata likita da ke sayayya a wurinmu dalili. Ta ce, "Malam, layi biyu ba ya wahalar da ni, layi ɗaya ne ƙaya. Uwa ta biyo mota daga ƙauye da ɗanta, jiki kamar garwashi, in ce mata ba maleriya ba ce? Daga nan kemis za ta wuce."

Ban da matsin iyaye, akwai shakku mai tushe. Yawancin gwaje-gwajen suna neman sinadarin HRP2 ne da ƙwayar cutar ke fitarwa, kuma an sami ƙwayoyin da ba sa fitar da shi a Peru da Eritiriya, har Eritiriya ta sauya irin gwajinta a 2016. Sai dai watsi da sakamako ma yana da nasa farashin: yaro mai ciwon huhu ko sanƙarau yana shan maganin da ba nasa ba, kwanaki suna tafiya.

Saboda haka nake ganin mai niyyar sa dukiyarsa a wannan harka, kafin ya tambayi yawan masu zazzaɓi, ya tambayi abin da likita zai yi idan layi ɗaya ya fito. In an horar da ma'aikaci, aka ba shi hanyar gano sauran cututtuka, aka fahimtar da iyaye, kasuwar za ta tsaya da ƙafarta. In ba haka ba, jarin yana nan cikin sito, zafi yana cin sa.