Musanyar malamai: su suna zuwa, namu fa?

Jama'a, yau magana ce a kan abin da ake kira musanyar malamai tsakanin makarantunmu da na ƙasashen waje. Rubutun zai ɗan yi tsawo, amma ku masu karatun ilimi ku daure ku kai ƙarshe, don akwai roƙon da zan yi muku.

Waɗanda suka san ni sun san da alli nake biyan kuɗin mastas ɗina. Da safe ina aji, da yamma ina lakca a jami'ar jiha, da dare kuma ina ɗakina a Kagarawal ina fama da babi na biyu. Makarantar da nake koyar da lissafi ta coci ce, ni kuwa Musulmi ne, kuma ba ni kaɗai ba ne a ɗakin malamai. A Gombe wannan ba labari ba ne. Makarantar, wadda ba zan kama sunanta ba, tana da ƙawance da wata makarantar Kirista a Turai. Yara suna rubuta wa juna wasiƙa, ana aiko mana littattafai, kuma a takardar yarjejeniya an ce malamai za su riƙa ziyartar juna.

Zuwan malami daga waje ya koyar a yankinmu ya haura shekara ɗari. 'Yan mishan na SIM sun sauka ƙasar Tangale tun 1917, na Church of the Brethren suka kafa sansani a Garkida a 1923, daga baya aka samu makarantun Waka a Biu da na Gindiri a Filato. Da yawa daga cikin malamai da ma'aikatan jinya na farko a wannan shiyya can suka fito, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Ba mai musun wannan alheri. Sai dai a wancan zamani ba wanda ya kira abin musanya: mai koyarwa ya zo, mai koyo ya zauna. Yanzu da aka raɗa masa suna musanya, ai muna da ikon tambaya: me aka karɓa daga hannunmu?

Malamai mata biyu suka zo mana, kwana goma. Kun dai san halinmu: aka yi fenti, aka kai karyayyun benci bayan ofis, yara suka yi mako suna koyon rawar tarba. Duk wannan bai dami baƙin ba. Abin da ya riƙe ɗayarsu shi ne ajin wata malama ta firamare ɗaya, wadda dukanmu muke ce wa Mama. Yara 58 gare ta. Za ta faɗi abu da Turanci, ta juya shi da Hausa, ta sunkuya kan wani yaro ta jefa masa kalma da Fulatanci, wata yarinya kuma da Tangale, ga murafen kwalba da tsakuwa ana ƙirga da su, kuma ajin bai watse ba. Baturiyar nan ta cika littafinta da rubutu. Ta ce a ajinta akwai 'ya'yan 'yan gudun hijira da ba su jin yaren ƙasar, ta daɗe tana neman yadda za ta yi da su, sai ga shi ta gani a nan. Ta kuma yi ta tambaya yadda ake sallamar yara Musulmi da wuri ranar Juma'a, da yadda iyaye na addini biyu ke zama a taro ɗaya su yi ta gardama a kan kuɗin makaranta, ba a kan addini ba.

Da aka zo kan namu zuwan, Mama aka zaɓa, kuma ta cancanta. Ta yi fasfo, ta ciro bayanin asusun banki, ta shiga mota har Abuja, ta biya kuɗin biza da ba a mayarwa. Aka hana ta. Wai ba su gamsu za ta dawo ba, albashinta ya yi kaɗan. Mace mai jikoki fa! To da me malamar firamare za ta cika asusu, musamman tun da naira ta zube a 2023? Ko shirin Connecting Classrooms na British Council, da ya riƙa ɗaukar nauyin ziyara ta ɓangare biyu, kuɗi yake bayarwa, ba biza ba.

Amma wallahi abin da ya fi ci mini rai jadawalin da aka aiko mata tun kafin amsar bizar ta fito. Litinin zuwa Juma'a za ta zagaya azuzuwa ta ga yadda ake koyarwa ta zamani. Lahadi za ta tsaya a coci ta yi bayanin halin da yaran Afirka ke ciki, sannan a tara gudummawa. Ko awa ɗaya ba a ware mata ta zaunar da malamansu ta nuna musu abin da 'yar'uwarsu ta cika littafi da shi ba. Ban ce mugunta ba ce, mutanen kirki ne. Kawai bai faɗo musu a rai ba, kuma mu ma da aka karanta jadawalin a ɗakin malamai tafi muka yi.

Shi ya sa na karkata bincikena zuwa yadda malaman firamare a Gombe ke sauya harshe a cikin aji. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnati ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, amma su Mama ba su jira takardar kowa ba. Sufabaizana kullum tambayarsa ɗaya: “Ina hujjarka a rubuce?” Kuma yawancin abin da nake samu a intanet a kan azuzuwan wasu ƙasashe aka rubuta shi.

Ga roƙon. Duk wanda ya san malami a Gombe, Billiri, Kaltungo ko Biu da ya taɓa fita waje ta irin wannan ƙawance, ko wanda aka zaɓa aka hana shi, don Allah ya taɓa ni ta akwatin saƙo. Makarantar coci, Islamiyya ko ta gwamnati, duk ina so. Ba zan sa sunan kowa ba, kuma kuɗin kati a kaina.