Yadda Kalma Ɗaya Ta Rushe Mini Aikin Shekara Biyu

Editan wannan mujalla tamu ya daɗe yana bina bashin rubutu, ni kuwa ina ta zille masa da cewa mu mutanen asibiti ba mu da ta cewa a zauren masana harshe. To, yau ga ni na kawo kaina, domin kayen da na sha a fagen likitanci, da na zauna na duba shi da kyau, sai na tarar harshe ne ya taɗe ni.

Ni ƙaramin likita ne mai neman ƙwarewa a kan cututtukan ciki da hanji da hanta. A wannan sana'a tamu, komai iya duba marar lafiyarka, in ba a ga sunanka a mujallar bincike ba, to ƙarin girma sai dai ka gan shi a wuyan wasu. Saboda haka na sami maigidana, watau babban likitan sashenmu, na roƙe shi ya ba ni batun da zan bincika. Ya ce in duba dangantakar gyambon ciki da ƙwayar cutar nan Helicobacter pylori, wadda ke ɓuya cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbin ɗan Adam, kuma ita ce kan gaba wajen haddasa gyambon. Batun yana da tarihi a ƙasarmu. A 1992 wani likita Bature mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya buga maƙala a mujallar Gut ta Ingila, inda ya ce al'amarin wannan ƙwaya a Afirka kacici-kacici ne: tana kama yawancin mutane tun suna yara, amma a ganinsa gyambo da ciwon daji na tumbi ba su yi yawan da ake zato ba. Daga baya wasu masana suka musa, suka ce ƙarancin kayan bincike ne ya ɓoye cututtukan. Ni kuwa, da ƙuruciya da zumuɗi, sai na ga kamar ni aka ajiye wa raba wannan gardama.

Hanyar da ta fi tabbatar da gyambon ciki ita ce a zura wa mutum siririn bututu mai ido ta baki, likita ya leƙa tumbin ya gani da kansa. Amma wannan aiki yana da tsada, kuma layinsa dogo ne. Sai na bi ta ɓarauniyar hanya. Na tsara takardar tambayoyi da Turanci, in marar lafiya ya zauna in fassara masa da baki nan take, sa'an nan a ɗebi jininsa a auna. Tambaya ta huɗu ita ce, "Kana da olsa?" Wanda duk ya ce i, sai in sa shi a layin masu gyambo. Haka na yi ta yi wajen shekara ɗaya da rabi, kuma ban ga aibin abin ba ko kaɗan.

Da na gama tattara bayanai sai aka zo wurin rubutu, a nan ne fa na san cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kowace mujalla tana da nata sharuɗɗan ga marubuta, amma yawancinsu suna bin ƙa'idojin da suka samo asali daga taron da wasu editocin mujallun likitanci suka yi a birnin Vancouver na Kanada a 1978. Dole maƙala ta zo kashi huɗu a jere: gabatarwa, da hanyar da aka bi, da sakamako, da sharhi. A sama a ɗora tsakure wanda aka ƙayyade masa yawan kalmomi, in ka ƙara ɗaya injin karɓar takardu ya ƙi wucewa da kai. Manazarta kuwa da lambobi ake jera su bisa yadda suka fito a cikin rubutu, saboda haka ranar da maigidana ya sa na cusa wani sabon littafi a tsakiya, sai da na kwana ina sake lissafi. Ga takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ga shaidar cewa marasa lafiya sun yarda da bakinsu, ga rantsuwar cewa ba wani kamfanin magani da ya ba ka ko sisi, ga wasiƙa zuwa ga edita mai tabbatar da cewa ba ka kai wannan aiki wata mujalla a lokaci guda ba. Duk na cika waɗannan, har ina yabon kaina. Turancin ma sai da na kai wa wata malama ta goge shi tas. Daren da na aika da ita ta intanet, wuta ta ɗauke sau biyu, na ƙarasa da hasken wayata.

Sai jira. Mai karatu, in ba ka taɓa buɗe akwatin saƙonka sau ashirin a yini ba, ba za ka gane wannan hali ba. Al'adar waɗannan mujallu ita ce edita ya fara dubawa, in ya ga abin bai cancanta ba ya maido nan da nan, in kuwa ya ga da ɗan dama sai ya miƙa wa masana biyu ko uku waɗanda ba za ka san sunansu ba, su yi alƙalanci. Da mako biyu ya wuce ba a maido ba, sai na fara gaya wa abokai cewa an kusa.

Amsa ta zo wata ranar Talata ina tsakiyar zagayen ɗakin marasa lafiya. An ƙi karɓa. Alƙali na farko ya ce awon jini yana nuna cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ba ya bambanta wanda take jikinsa yanzu da wanda ya rabu da ita, don haka awon numfashi ko na bayan gida ya kamata in yi. Wannan na haɗiye shi. Na biyun shi ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Tambayoyi uku ya yi cikin ladabi: wa ya fassara takardar tambayoyin zuwa harshen marasa lafiya, an gwada fassarar kafin a yi aiki da ita, kuma mene ne mutanen wurinku ke nufi in sun ce suna da wannan ciwo?

Na fusata ƙwarai. Na tafi ofishin maigidana da takardar a hannu, na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a kaina aka fara ba." Na kawo masa labarin Barry Marshall da Robin Warren na birnin Perth a Ostireliya, waɗanda suka gano aikin wannan ƙwaya. A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu ta karɓi tsakure 56 cikin 67 da aka aika wa taronta, na Marshall yana cikin waɗanda aka zubar. A 1984 mujallar The Lancet ta buga aikinsu, a shekarar kuma Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka raini ƙwayar a ciki don ya nuna tana sa ciwo, ta kuwa sa masa. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Maigidana ya bar ni na kai aya, ya cire tabarau, ya ce, "Likita, su da aka kore su, ƙwayar tana hannunsu a cikin faranti. Kai me ke hannunka? Je ka asibiti gobe, duk wanda ya ce maka yana da olsa, ka ce ya nuna maka wurin da yatsa."

Na je, na kuwa sha kunya. Wata tsohuwa ta ce shekararta goma da olsa, na ce, "Iya, nuna mini inda yake miki ciwo." Sai ta shafa ƙirjinta daga ƙasa zuwa wuya, watau ƙwannafi ke damunta. Wani ɗan kasuwa ya dafa ƙasan cibiya. Wani ɗalibi ya ce tasa olsar ita ce jirin da yake ji in ya wuce lokacin cin abinci, kuma mai kemis ne ya gaya masa sunan ciwon. Ƙalilan ne suka ɗora yatsa a ƙahon zuci, inda ciwon gyambo ya fi zama, kuma ko su ɗin, sanannen abu ne a likitance cewa yawancin masu irin wannan kuka in an leƙa tumbinsu ba a samun gyambo. Ashe kalmar da muka ara daga Turanci ta baro ma'anarta a can, ta zo nan ta zama buhun da ake zuba kowane ciwon ciki. Kalmar "ciki" kanta ba ta da dama: tumbi ciki ne, hanji ciki ne, mace mai juna biyu ma ciki gare ta. Ni da aka haifa cikin Hausa ban lura ba, sai wani da ban san ko a wace nahiya yake ba ya lura.

A kwanakin nan ne wasiƙu suka riƙa shigo mini daga wasu mujallu da ban taɓa jin sunansu ba, suna kirana shehin malami, suna alkawarin buga duk abin da na aiko cikin mako guda in dai zan biya da dala. Ba zan ɓoye muku ba, na buɗe ɗaya har na fara cika suna. Abokin aikina ya ce in tura kawai, masu ƙirga takardu a wurin ƙarin girma ba karantawa suke yi ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne tunanin wani ɗalibi nan gaba ya ɗauki lissafina ya kafa hujja da shi, alhali na san ƙwannafin Iya yana ciki an rubuta shi gyambo.

Sai na sake lale. Na ɗauko ma'aunin Roma na 2016, wanda ya rarrabe alamomin nan ɗaya-ɗaya: nauyin ciki bayan cin abinci, da saurin ƙoshi, da ciwo a ƙahon zuci, da zafi a wurin. Na haura Sashen Hausa, wurin da rabona da shi tun ina ajin share fage, wani malami ya fassara tambayoyin, wani dabam da bai ga asalin ba ya mai da su Turanci, muka gwama. Mun yi yamma guda cur muna gardama a kan bambancin zafi da raɗaɗi da zugi, har aka kira magariba ba mu daidaita ba. Ƙarshenta muka zana hoton mutum a takardar, marar lafiya ya sa alama da kansa. Kwamitin ɗa'a ya amince da sabon tsarin a watan jiya, kuma ranar Litinin da ta wuce na zauna da marar lafiyata ta farko. Da ta buɗe baki ta ce, "Likita, olsa ce," sai na miƙa mata fensir.