Wuta Ma Tana da Lissafi

Da zarar hunturu ya kama a Gwadangaji, sai hayaƙi ya riƙa tashi ta ko'ina. Wani yana ƙone karan shinkafa a fadamar Rima, yara kuma suna cinna wa ciyawa wuta domin farautar gafiya. Daga nan har Argungu, da wuya rani ya wuce ba a ji wanda rumbunsa ya ƙone ba. Mu kan ce tsautsayi ne. Amma ni malamin makaranta ne, ina kuwa so in nuna muku cewa tafiyar wuta tana da lissafi.

A shekarar 1972 wani masani a Amurka, Richard Rothermel, ya fitar da hanyar lissafa saurin gobarar daji. Abu huɗu ya dogara da su: irin ciyawa ko itacen da ke wurin da yawansa, bushewarsa, ƙarfin iska, da gangaren ƙasa, gama wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu. Daga baya aka sa wannan lissafi cikin kwamfuta. A kan ba ta taswirar wuri da labarin iska, ita kuwa ta zana inda wuta za ta kai bayan awa ɗaya ko biyu. Da haka masu kashe gobara ke sanin ƙauyen da za a fara kwashewa.

Makarantarmu ba ta da irin wannan na'ura, saboda haka ni da 'yan ajina mu kan yi namu a filin wasa. Mu kan zana gidaje 100 a ƙasa kamar na dara, mu sa tsakuwa a waɗansu, watau ciyawa ke nan. Dokar wasan ɗaya ce: gidan da ya kama wuta zai kunna na jikinsa, in akwai tsakuwa a ciki. Idan tsakuwa ta cika fili, wuta ta kan ƙetare daga wannan gefe zuwa wancan. Idan kuwa gidajen da ke da tsakuwa ba su kai 6 cikin 10 ba, yawanci ta kan mutu a hanya. Sa'an nan mu kawo iska cikin wasan, mu ce wuta tana iya tsallake gida ɗaya. Nan take yaran su ga tazarar da ta isa ɗazu ba ta isa yanzu ba.

Abin da ya faru a Lahaina ke nan, wani gari a tsibiran Hawai, cikin Agusta 2023. Busasshiyar ciyawa ta kama, iska mai ƙarfi ta kwashi tartsatsi ta kai kan gidaje, gida ya kunna wa gida, mutane wajen 100 suka mutu.

To, jama'a, mu dubi namu gidajen. Ciyawa ta taɓa darni, darni ya taɓa tarin kara, kara ya jingina da rumbu, ga harawa a bisa rumfa, ga jinka kusa da ita. Mun cika wa wuta gidajen dara da hannunmu.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke zuwa. Saboda haka kafin ciyawa ta gama bushewa, mu haɗu da maƙwabta mu share fili mai faɗi ta wannan gefe. A raba kara da rumbu, a nisanta harawa da murhu. In ya zama dole a ƙone gona, a yi shi da sassafe sa'ad da iska ta ke kwance, a kuma tsaya har wutar ta mutu sarai. Iyaye, ku tambayi yaranku inda suka sami ashana. Ba mu da iko da iska, amma tazarar da ke tsakanin ciyawa da hatsinmu aikin fartanya ne na yini ɗaya.