Daga Ƙoramar Guna Zuwa Tabkin Cadi

Za mu kai ku Guna, cikin gundumar Mirriya, jihar Damagaram.

In ka bar Mirriya da kukokinta ka nufi kudu, sai ka shiga jigawa. Ko'ina gonakin hatsi ne da wake. Abin da zai fara tsare maka ido shi ne gawo. Ba a jere yake ba kamar dashen gwamnati. A warwatse yake, wani babba, wani bai wuce tsawon mutum ba. Da rani yana kore shar, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Da damina shi ke zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana. Ganyen ya ruɓe ya zama taki. Kowa a nan ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Ƴaƴansa kuwa abincin awaki da tumaki ne a tsakiyar rani.

Daga jigawa sai ka gangara fadama. Nan ce Ƙorama. Ba gulbi ba ce mai gudu duk shekara. Ruwanta a ƙasa yake, amma kusa. Shi ya sa ake noman rake da rogo da albasa. Wuri wuri ruwan ya fito sama ya zama tabki. A ciki ana samun tarwaɗa da karfasa, da gaiwa mai shigewa laka ta jira damina.

To, ga abin da ya kai mu ga wannan rubutu. Ƙasar nan tana gangara gabas. Ruwan Ƙorama ba ya isa Tabkin Cadi da gudu, yashi ke shanye shi a hanya. Duk da haka masu auna ƙasa sun lissafa ta cikin kwarin tabkin. Ke nan a takardar gwamnatoci, Guna da Gigimi da Haɗeja da Injamena gida ɗaya ne.

Wannan gida yana da hukuma. An kafa ta ran 22 ga watan Mayu 1964 a For Lami, garin da yanzu ake kira Injamena. Ƙasashe huɗu suka sa hannu: Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi. Daga baya Afirka ta Tsakiya da Libiya suka shigo. Sunanta Hukumar Tabkin Cadi. Dalilin kafa ta ba shi da wuyar ganewa. Kifi bai san iyaka ba. Wanda aka ƙyanƙyashe a ruwan Kamaru yana iya faɗawa komar mutumin Boso. In ƙasa ɗaya ta kwashe ƙananan kifi, sauran duk sun yi asara. Saboda haka a 1977 aka taru a Inugu aka yi dokar bai ɗaya kan dabbobi da tsirrai. A ciki aka hana su da guba da nakiya. A 2012 kuma shugabanni suka amince da babbar takardar rabon ruwa a Injamena.

Lokacin da aka kafa hukumar, faɗin tabkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi, har bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Gigimi da ke bakin ruwa ta wayi gari a tudu. Masunta suka bi ruwa har cikin ƙasar wasu, rigima ta tashi. Hukumar ce ta sa aka bi iyakoki aka kafa alamu, daga 1988 zuwa 1990. Wannan aiki ne mai kyau, a yaba mata.

Amma takarda ba ta tare kome da kanta. An gina madatsar Tiga a ƙasar Kano a 1974, ta Calawa a 1992, ruwan Komadugu mai zuwa Difa ya ragu, ko da yake Nijar da Najeriya sun yi yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri a 1990. A 2015 tashin hankalin Boko Haram ya sa gwamnati ta hana su da cinikin kifi a ɓangaren Difa, sai 2019 aka ɗage. A shekarun nan masu zuwa cin rani bakin tabki suka dawo gida hannu wofi. Ran nan aka san darajar ƙananan tabkuna irin na Ƙorama. Ana zuba musu ƴaƴan kifi, a hana su wata da watanni, su girma, sannan a buɗe. Tabkin Gidimuni, gabas da mu, an sa shi cikin jerin dausayin duniya da ake karewa a 2019. Abokan gaban tabkunan nan biyu ne: kacala mai cinye fuskar ruwa, da rairayi mai cike su in an sare itatuwan tudu.

Nan maganar kifi ta haɗu da ta gawo. Tudun da ba shi da itace, iska ke kwasarsa ta zuba cikin fadama.

Dattawa suna cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo, da horo mai tsanani. Zamanin Nasara, da dokar daji ta 1974, gawo ya zama na hukuma. Manomi ya ga tsiro a gonarsa, sai ya tuge shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa tara. Gonaki suka zama fili fetal. Bayan yunwar 1984 da babban taron Maraɗi kan hamada na wannan shekara, abin ya juya. Mutane suka fara barin toho lokacin sassabe. Su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. Shi ake kira sassaben zamani. Ba rijiya, ba ban ruwa, ba sayen dashe. Binciken da aka yi a 2006 ya nuna gawo ya koma kan kusan hekta miliyan ɗaya a ƙasashen Mirriya, Magarya da Matamaye.

A 2007 ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Sanagal har Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000. A 2010 ƙasashe 11 suka kafa masa hukuma, Nijar da Najeriya da Cadi suna ciki. Da farko jeren dashe aka yi niyya, mai faɗin kilomita 15. Dashe da yawa ya mutu, don ba mai shi. Daga baya masu shirin suka karkata ga irin abin da manoman ƙasar nan suke yi. Ni a ganina wannan shi ne hankali mafi girma da suka yi. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa, shi ke da moriyarsa.

Saura maganar rassa. Garken ƙasar nan suna gangara Najeriya da rani, na can suna hawo arewa da damina, duk ta burtalan da suka ratsa gonaki. Dokar 2020 ta Nijar ce kaɗai, baƙon da ya ƙetaro iyaka ba lalle ya ji labarinta ba. Makiyayi yana bukatar ganye ga bisashensa, manomi yana bukatar takin garke a gonarsa. Datse ƴan rassa da izinin mai gona ba ya kashe gawo, aske kansa duka shi ke kashe shi. In an saɓa, mai gari ake fara kai wa, in bai ƙare ba a je wurin sarki, tare da hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada.