Kwamfutata ta kai digiri 99, ni ina ta fama da neman na biyu

Jama'a, bari in ba ku labarin abin da ya hana ni barci makon jiya, ko wani zai tsira da kuɗinsa. Masu bibiyata sun san ina Ibadan ina karatun mastas, kuma aikina duk a kan hotunan tauraron ɗan'adam yake. Ina kwatanta hotunan Landsat 8 na 2014 da na 2023 don in nuna yadda gari ke cinye gonaki ta wajen Akinyele da Ido. Laftof ɗina ya tsufa, ba zai ɗauki wannan aikin ba, shi ya sa da na je hutu gida yayana ya ba ni kwamfutar tebur da yake amfani da ita a shagonsa. Na naɗe ta a bargo, aka cusa ta a but ɗin mota tare da buhunan albasa, tun daga Zariya har Ojoo. Ku riƙe maganar motar nan, za mu dawo kanta.

Wata huɗu ina amfani da ita lafiya lau, amma gaskiya rubutu ne kawai da karanta takardu. Na lura fankarta tana ihu fiye da da, na ce tsufa ne. Sai ranar Laraba Farfesa ya kira ni ofis ya ce yana son taswirorin ranar Litinin, in ba haka ba sunana ba zai shiga jerin masu gabatar da semina a wannan zangon ba. Wanda ya yi mastas ya san ma'anar wannan: wani kuɗin makaranta, wata shekarar hayar ɗaki a Agbowo, ga kuma tambayar da Hajiya ke yi duk Juma'a ta "yaushe za ka gama ne?"

Daren nan na buɗe QGIS na sa ta rarraba hoton farko zuwa gona, daji, gini da ruwa. Minti bakwai, ta mutu ɗif. Ba saƙo, ba shuɗin allo, ba komai. Na kunna, na sake, ta sake mutuwa, wannan karon ma ba ta kai minti biyar ba.

Nan na fara ɓarnar kuɗi. Na ce ai wutar janaretan gidanmu ce ba ta tsayawa, washegari na je na sayo sitabilaiza da kuɗin cefanen sati biyu. Ba abin da ya canza. Wani ɗan ajinmu ya rantse bairos ne, in goge komai in sake sa Windows. Allah ya taimake ni ban bi tasa ba, don da na ɓata yini guda a banza. Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne lura da na yi cewa in na bar ta ta huce awa ɗaya tana daɗewa kafin ta mutu, in kuwa na kunna nan take, ba ta jimawa. Wuta ba ta haka, bairos ma ba ya haka. Zafi ne ke haka.

Na sauke wata manhaja ta kyauta, HWMonitor, mai nuna zafin kowane ɓangare. Abu na farko da idona ya faɗa kai shi ne 127. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe wannan lambar ta wani ma'auni ce a madabod da ba a haɗa shi da komai ba, shi ya sa ba ta motsi ko kaɗan, ko ana aiki ko ba a yi. Duk lambar da ta tsaya cak haka, ku rabu da ita. Wadda za ku duba ita ce ta firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kuma ku tabbatar a ma'aunin Salshiyas kuke karantawa.

To tawa fa? Ba na komai, Task Manager na nuna aikin firosesa bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, amma zafin yana 68. Ɗakina a wannan lokacin yakan kai 32 da rana, don haka ban sa ran ganin 30 irin na masu zama cikin sanyin Turai ba, tunda fanka ba za ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar ɗakin da take ja ba. Amma 40 zuwa 45 ya kamata in gani. Da na sa aikin kuwa, cikin daƙiƙa ashirin ta haura 90, ta je 99 ta maƙale. Yawancin firosesan Intel iyakarsu wajen 100 ce. In sun kusa nan sai su rage gudu da kansu don su huce, in hakan bai isa ba su kashe na'urar gaba ɗaya. Ke nan mutuwar da take yi ba lalacewa ba ce, kare kanta take yi.

Saura in gano me ya kawo zafin, kuma nan ne wurin da nake so ku saurara, don gwaji biyu ne da ba su ci ko kwabo ba. Na farko, na cire murfin gefe na saita fankar tebur tana hura ciki. Da a ce iska ce ba ta zagayawa a akwatin, da zafin ya sauko sosai. Digiri huɗu kawai ya ragu. Na biyu, akwai ƙarfen alminiyam mai haƙora kamar mataji da ke zaune a kan firosesa, shi ke zuƙe zafin, fanka kuma ta kore shi. Na taɓa jikin akwatin tukuna, sannan na kai yatsa gefen ƙarfen a hankali, nesa da fanka, lokacin da allo ke nuna 97. Ɗumi-ɗumi kawai na ji, kamar kofin shayin da aka manta da shi. Ka ga in ƙarfen ya yi zafi zau, matsalar iska ce ko ƙura, zafin ya iso amma ya rasa hanyar fita. In kuwa firosesa na ƙuna ƙarfen yana sanyi, to zafin bai ma isa gare shi ba. Ba su haɗu da kyau ba ke nan.

Na kashe, na zare wayar wuta, na ɗan girgiza ƙarfen. Sai ga shi yana rawa. Irin fankar nan ce mai ƙafafu huɗu na roba da ake dannawa cikin madabod. Ɗaya ta fita daga raminta, ɗaya kuma ta tsage. Ramukan hanyar Mokwa zuwa Jebba ne suka yi aikinsu, ni kuma ban taɓa buɗewa na duba ba tun da na sauke ta. Da na ɗaga shi, man da ake shafawa tsakaninsa da firosesa, wanda masu gyara ke kira tamal fes, ya bushe ƙayau yana farfashewa kamar tsohon alli. Ƙura kuwa ba a magana. A gida ƙurar hunturu busasshiya ce, ka hura ta tashi. A nan damshi ya jiƙa ta, ta manne tsakanin haƙoran ƙarfen kamar auduga.

Abokin ɗakina, Bayarabe ne mai kirki, yana tsaye yana kallo ya ce, "Aboki, ka shafa man goge baki mana, na ga wani ya yi a bidiyo." Na ce masa na gode, amma taswirar mastas ba za ta hau kan man goge baki ba. Ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan zai bushe ka koma inda ka fito.

Asabar da safe na shiga Dugbe na sayo sabuwar fanka da ƙarfenta, da ƙaramin sirinjin tamal fes, da wata fanka ta bayan akwati, don ashe tawa babu ita kwata-kwata, ramin ne kawai a buɗe. Duka kuɗin bai kai rabin na sitabilaizan nan ba, abin da har yanzu yake mini ciwo. Na goge tsohon man da auduga da sipirit har saman firosesa ya yi ƙyalli, na bari ya bushe. Na ɗiga sabon a tsakiya, kamar ƙwayar wake ƙarama. Kada ku lafta shi kamar ana shafa bota a burodi, aikinsa kawai ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ƙafafun kuma ba a bin su a jere, ka danna ɗaya sai ka danna ta kusurwar da ke fuskantarta, har ka ji kowace ta ce ƙas. Sauran ƙurar na bi ta da buroshin fenti, ina riƙe fiffiken kowace fanka da yatsa in zan hura, kada ta yi ta juyawa da ƙarfi ta lalace.

Fankar baya sai da na ɗaura ta sau biyu. Da farko na juya ta tana turo iska ciki. Iska tana fita ne ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe motar fankar, don haka wannan ɓangaren shi zai kalli waje. Da 'yar takarda na gwada, na ga tana tashi, na san yanzu daidai ne. Sannan na ɗauke akwatin daga ƙasan tebur inda na manna shi da bango kusa da katifa, na ɗora shi a kan benci, na bar masa kamar taƙi biyu a baya.

Na kunna ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Tana zaune ba aiki, 41. Na sa aikin da ke kashe ta, ta hau 74, ta taɓa 78, ta tsaya a nan. Na zauna ina kallon lambar nan kusan awa ɗaya kamar mai jinya. Wani abin da ban zata ba, aikin ma ya ƙara sauri, ashe duk watannin nan a rage take tafiya saboda zafi ban sani ba. Mai janaretan gidanmu na ƙara wa kuɗin fetur ya bar shi har asuba, zuwa la'asar ɗin Lahadi taswira huɗu sun fito.

Litinin ƙarfe tara ina ƙofar ofis. Farfesa ya jujjuya takardun, ya sa hannu a fom ɗin semina, sannan ya ce koren da na ba gonaki ya yi kama da na daji, in je in canza launi in dawo Alhamis. Sitabilaiza kuma yana nan sabo fil a kwalinsa, duk mai so a Ibadan ya yi mini magana, zan rage masa.